Killace garkar albasa a kwarin Magiya: yadda muka yi aikin daga iyaka har rudu

Masu ɓarna a garka iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai bisashe, wato akuya da jaki da saniya da raƙumi, waɗanda yunwar rani ke korowa zuwa duk wani koren abu da suka hango. Akwai kuma mutum, wanda ya san abin da ya zo ɗauka, ya san inda yake, sau da yawa ma ya san lokacin da mai garka ke komawa gida. Shinge yana tsayar da bisa. Mutum kuwa filaya ɗaya ta ishe shi ya buɗe waya, don haka abin da ke hana shi shi ne ya tarar kayan ba su ɗaukuwa, ga kuma ido a wurin. A kan wannan muka tsara tsaron garkarmu mai rabin hekta, mita 100 a tsawo da 50 a faɗi, a kwarin Magiya kusa da Galmi a Jamhuriyar Nijar, inda muke noman albasa da rani tare da ɗan tumatir da kabeji.

Ba da ƙarfe muka fara ba, da iyaka muka fara. Duk wanda ya kafa shinge bai tara maƙwabtansa ba, ya sayi rigima da kuɗinsa, domin taku biyu da ya shiga gonar wani sun isa a tilasta masa tumɓuke aikin da siminti ya riga ya kama. Muka je wurin maigari, wanda shi ne shugaban hukumar filaye ta gari da tsarin dokar karkara ta 1993 ya tanada, wadda kowa ke kira COFOB. Aka sa rana, maƙwabta na kowane gefe suka zo da shaidu, aka taka iyaka ƙafa da ƙafa, aka jera duwatsu a kowace kusurwa, sannan aka rubuta takardar shaida. Hukumar tana ba da takarda ga fili na gado ko na saye ko kyauta, har ma da na aro da haya da jingina. Wanda ke noma filin aro ya fi kowa buƙatar a rubuta cewa mai fili ya yarda a kafa shinge a shuka itace, saboda a wajenmu shuka itace alamar mallaka ce, kuma masu fili da yawa ba su yarda da ita sai an fayyace. A ranar ce kuma aka nuna mana burtalin da ya bi ta gabas da garkar da hanyar da bisashe ke bi zuwa rijiya. Muka ja shingenmu baya, muka bar hanyar a buɗe yadda take. Wanda ya ci burtali, ko ƙarfe nawa ya kafa, garken da ya saba bi ta nan zai dawo, kuma ranar shari'a ba shi da bakin magana.

Akwai wani dalili na doka da ya sa shinge ya zama dole. Dokar kiwo ta 2010 ta ɗora wa mai noman rani nauyin kare amfaninsa. Gonakin damina suna da lokacinsu: kowace shekara hukuma tana sa ranar sakin gonaki, daga nan bisashe na da damar shiga su ci kara da harawar da ta rage, ba mai neman diyya. Garkar da ba ta cikin manyan filayen ban-ruwa ko wuraren noman rani da hukuma ta yi wa rajista, in ba a killace take ba, aka yi mata ɓarna bayan wannan rana, da wuya mai ita ya samu ko dala.

Kewayen garkar mita 300 ne. Wayar giriyaji, wato ragar waya ta shinge, tana zuwa a naɗi mai mita 25, don haka naɗi 12 muka saya, mai tsayin mita ɗaya da rabi. A nan wajen saye ake fara cutar mutum. Akwai siririyar waya mai araha wadda za ka iya lanƙwasawa da yatsu biyu, ita ce ke tsatsa cikin damina biyu, rago ya tunkuye ta ta buɗe. A nemi mai kauri wadda aka yi wa ruwan hana tsatsa, mai ƙananan idanu, waɗanda kan ɗan akuya ba ya shiga. Ƙarfe mai kusurwa ana sayar da shi mita 6, mai walda ya yanka kowane gida uku, mita biyu-biyu: santimita 50 a ƙasa, sauran a sama. Tsakanin sanda da sanda mita 3, ke nan sanduna 100, ƙarfe 34. Muka ƙara ƙarfe 8 na tokare, biyu-biyu a kowace kusurwa da kuma kowane mita 25 zuwa 30 a kan dogayen gefuna. Tun a wajen mai walda aka huda kowace sanda wuri huɗu don zura waya, aka tsaga gindinta aka buɗe shi kamar ƙafar kaza don ta kama siminti. Sandar da aka dasa santal, ɓarawon ƙarfe yana girgiza ta ya zare, ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Ramin kowace sanda santimita 25 a faɗi, 50 a zurfi. Buhun siminti ɗaya da baro ɗaya da rabi na rairai da baro uku na tsakuwa yana cika ramuka wajen shida, don haka buhu 17 zuwa 20 ne aikin ya ci har da tokare da ƙofa. Kusurwoyi muka fara kafawa, muka ja igiya tsakaninsu don layi ya miƙe. Bayan zuba kankare sai a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma, a bar shi mako guda kafin a ja waya. Masu gaggawa suna ja washegari, sandunan kusurwa su karkato ciki, shingen ya saki tun bai yi aiki ba.

Waya miƙaƙƙa layi uku ake fara ja, sama da tsakiya da ƙasa, mita 900 gaba ɗaya, a ɗaure ta tam, sannan a rataya giriyajin a jikinta ta gefen waje, don in bisa ta jingina ta tura shi kan sanda maimakon ta ɓalle shi. Kowane taku guda a ɗaure shi da guntuwar waya. Gindin shinge shi ne wurin da aka fi sakaci, alhali ta nan akuya ke shiga: tana cusa hanci, ta ɗaga, ta rarrafa, sauran su bi ta. Mun haƙa ɗan lambatu mai zurfin santimita 15, muka saukar da bakin wayar ciki, muka danne da duwatsu, abin da ƙasar Adar ba ta rasa ba. Saukar da wayar ya bar santimita 15 a kan sanduna, nan muka ja waya mai ƙaya layi ɗaya saboda raƙumi da saniya masu miƙa wuya su danne shinge.

Wuri ɗaya ya fi ba da wahala, inda ruwan sama ke gangarowa daga tudu ya ratsa gefen arewa. Ruwan Magiya da ƙoramunta ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da kara da ƙirare da kashin shanu da leda. Waɗannan suna toshe idanun waya, shingen ya zama madatsa, ruwa ya kwantar da sanduna biyar ko shida a dare ɗaya. A wannan wurin ba a binne waya. Muka sa sanduna biyu masu kauri a gefe da gefe da kankare mai zurfi, muka rataya wani yanki na giriyaji daga sama kawai, muka ɗaura masa itace a ƙasa. Da rani ana danne shi da duwatsu, da damina a cire duwatsun, ruwa ya ɗaga shi ya wuce.

Waya tana tsufa, shi ya sa a shekarar da aka kafa ta muka fara renon shingen itace a cikinta. Amfanin waya na farko ma shi ne ta kare ƴan itatuwan har su yi ƙarfi. Mun zaɓi dakwara da magarya da dirga, muka gauraya su. Dakwara tana da ƙaya mai ƙugiya kuma tana jure fari, magarya tana cika ƙasa da rassa in an datse ta, dirga kuma tana saƙa rassanta cikin na maƙwabtanta. Irin dakwara kwana ɗaya a ruwa ya ishe shi. Ƙwallon magarya sai an fasa a hankali an ciro ƙwayar, in ba haka ba tsirowarsa na ɗaukar dogon lokaci. Wanda ya sa bagaruwa, ya zuba wa irin ruwan zafi ya bar shi ya kwana. A watan Afrilu muka shuka a leda, muka yi reno wata uku a inuwa, muka dasa a Yuli bayan ruwa ya zauna. Layi biyu, santimita 50 tsakanin itace da itace, na layi na biyu a saitin giɓin na farko: tsiro 600 a kowane layi, 1200 ke nan, da ƙarin wajen 200 na cike gurbin waɗanda za su mutu. A shekara ta biyu muka datse su a tsayin gwiwa. Mutane na jin nauyin wannan datsa, suna ganin itace ya yi kyau, amma in an bar shi ya miƙe, sama za ta cika, ƙasa ta zama ƙofofi. Tsakanin shingen itacen da fangalin farko mun bar mita biyu, kuma kowace shekara muna haƙa lambatu ta ciki mu sare saiwoyin da suka nufo ruwan albasa.

Wanda ba shi da kuɗin waya yana iya farawa da aguwa. Ana yanko rassanta masu tsawon kamu biyu zuwa uku a ƙarshen rani, a bar su ƴan kwanaki ƙaronsu ya bushe, a kafa su kusa da kusa kafin ruwan farko. Bisashe ba su cin ta, sai dai a kiyaye ido da farin ruwanta. Shingen ƙaya busasshe kuwa, wanda kakanninmu suka saba, gara tana cinye shi kowace shekara, mata masu neman itacen girki suna zare shi kaɗan-kaɗan, ɓeraye suna gida a ciki, ga kuma ma'aikatan gandun daji da za su ci tarar wanda ya sassare gawo ko aduwa ba izini. In dole ne, a yi shi da abin da aka datso daga shingen kai.

Ƙofa ɗaya tak muka yi, a gefen da ke kallon hanya, mai faɗin mita 3 don amalanke ta shiga. Ƙofa biyu, mabuɗi biyu, ba a sanin wanda ya bar wacce a buɗe. Mai walda ya juya maratayin ƙofar na sama ya kalli ƙasa, ta yadda ba a iya ɗaga ƙofar a cire ta, ya kuma yi wa kwado ɗan akwatin ƙarfe da guduma ba ta samun sa.

Daga nan sai kayan da mutum ke zuwa dominsu. Injin ban-ruwa ƙarami mutum ɗaya ke saɓa shi a kafaɗa, babur ya kai shi wata kasuwa kafin gari ya waye, kuma iyakar Najeriya ba ta da nisa da mu. Ranar da aka sayo shi muka ɗauki hoton lambar da ke jikin injin, muka adana rasit, muka sa aka buga alamarmu da ƙusa a wuri biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ƙarƙashin tankin mai. Fenti ana kankare shi, bugun ƙusa ba ya fita. In garka na kusa da gida, mafi sauƙi a ɗora shi a amalanke kowace yamma a tafi da shi. Tamu tana da ɗan nisa, sai muka zuba dakalin kankare a bakin rijiya, muka binne ƙarafa huɗu a ciki, aka yi keji mai murfi da kwado biyu. Kejin yana da sarari ta kowane gefe saboda injin mai sanyaya kansa da iska ne, in an rufe shi ruf zafi zai kashe shi. Man fetur ba ya kwana a garka ko lita ɗaya.

Masu famfon sola matsalarsu ta fi tamu, domin faifan ba ya tafiya gida. Abin da muka ga yana aiki a garkunan maƙwabta shi ne a ɗaga faifan a kan ƙarfe mai tsayin mita uku, a kewaye gefunansa da ƙarfe mai kusurwa, a narke kan kowane noti da walda bayan an ɗaure. Wayar wuta ana satar ta saboda jan ƙarfen da ke ciki, don haka a zura ta cikin tiyo a binne. Bakin rijiyar burtsatse a yi masa murfin ƙarfe mai kwado, in ba haka ba da igiyarsa za a jawo famfon. Mu ma manyan tiyo na roba mun binne su santimita 40, abin da ya kare su daga ɓarawo da rana da kofaton jaki gaba ɗaya. Tiyo masu naɗuwa kuwa ana naɗe su a kulle tare da inji.

Gadi ba a yin sa shekara duka da ƙarfi ɗaya, aljihu ba zai ɗauka ba. Lokutan haɗari sanannu ne. Na farko Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da irin albasa ya isa dashe: fangalin reno guda ana tuge shi cikin ɗan lokaci, ya shiga buhu ɗaya, kuma washegari akwai mai saye saboda kowa na neman dashe. Na biyu daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da aka daina ban-ruwa, aka tone albasa aka bar ta a fili ƙarƙashin ganyenta tana shan iska. Makon da take shan iskar shi ne mafi hatsari, domin an riga an yi wa ɓarawo aikin tono. A waɗannan lokuta ana kwana a garka. Bukkar gadi a tsakiya muka kafa ta, kan ɗan tudu, inda ake ganin rijiya da ƙofa, ba a bakin hanya ba inda mai wucewa zai leƙa ya san ko da mutum. Mai gadi yana da tocila mai ƙarfi da usur da wayar salula mai caji, da kare biyu da ake ɗaurewa da rana a sake da dare. Karen da ke yawo da rana yana sabawa da kowa, ya daina haushi. Fitilar sola muka rataya a kan inji da ƙofa, bukkar kuma muka bar ta cikin duhu.

Mai gadi ɗaya ba ya fuskantar mutum uku, kuma ba ma so ya gwada. Shi ya sa muka haɗa kai da masu garkunan da ke jere da mu: kowa ya san usur ɗin kowa, in an busa a wuri ɗaya duka a taso da fitilu, kuma ba a sanar da wanda zai kwana a wane dare sai da yamma. Haƙƙin mai gadi a biya shi kan lokaci, a kai masa abincin dare da shayi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma yawancin satar garka da aka gano bakin zarenta, akwai wanda ya taɓa aiki a wurin ko ya san mai aiki. Ranar tono da cika buhu, ƴan ƙwadago suna da yawa, hankali ya rabu. Mutum ɗaya muke warewa ba ya taɓa aikin komai sai ƙirga: buhu nawa aka ɗinke, nawa suka hau amalanke, nawa suka sauka. Kowane buhu da alamarmu ta fenti kafin a zuba albasa a ciki.

Albasar ajiya kuwa, darajarta tana hawa ne bayan watanni, lokacin da ta yi ƙaranci a kasuwannin Galmi da Tamaske, manyan motocin Gana da Kodebuwa na jira. A daidai lokacin ne kuma kowa ya koma gonar hatsi, garka ta zama ba kowa. Rudu, wato rumbun ajiyar albasa da aka gina da kara da ciyawa, ba ya da wani tsaro, ta baya ake farka shi. Mun dawo da namu kusa da gida, muka kewaye shi da ragowar giriyaji ba tare da toshe masa iska ba. Duk lokacin da aka shiga tsince ruɓaɓɓu, ana duba inda albasar ta kai a jikin sandar da muka yi wa zane, don raguwar bushewa daban take da raguwar hannu.

Makiyaya ba mu jira sai an yi ɓarna muka san su ba. Da kaka, da suka sauko daga arewa, muka je rugga muka gaida ardo, muka ce masa: Baba Ardo, ga garkarmu, ga hanyar ruwa mun bari a buɗe, in an gama tono ganye da ciyawar gefe na bisashenku ne. Muka karɓi lambar wayarsa, ya karɓi tamu. Yawancin ɓarnar dare yara ne ke kiwo barci ya ɗauke su, ko jakunan gari da aka saki ba mai nema. In bisa ta shiga, ba a dukanta, ba a sare ta, ba a sa mata guba. Wanda ya yi haka ya mai da kansa mai laifi, diyyar saniya kuma ta fi ta fangali goma. Ana kama ta, a kira shaidu biyu, a ɗauki hoton ɓarnar da sawun kafin a taka wurin, a kai bisar wajen maigari ko wurin tsare bisashe na komin, wato ƙaramar hukuma, a ba ta ruwa. Sulhu a gaban maigari ake fara yi, da wakilin manoma da na makiyaya, a kimanta ɓarna. In bai yiwu ba a wuce wurin sarki, a rubuta takardar rashin sulhu, da ita ake zuwa gaban alƙali.

Sata kuwa ta jandarma ce. In an wayi gari ba inji, kada a bar jama'a su cika wurin, a kewaye sawun ƙafa da na babur, a kai rahoto da rasit da hoton lamba a ranar, a kuma sanar da masu gyaran inji da dillalan kasuwannin kusa, domin wajensu kayan ke biyowa. Wanda aka kama a riƙe shi a miƙa shi lafiya. Abu biyu muka haramta wa kanmu tun farko: jona wa shinge wutar lantarki, da haƙa rami mai tsini. Wanda suke kamawa yawanci yaro ne da ya biyo akuyarsa ko ya zo tsinkar magarya.

Sauran aikin na kullum ne. Sau ɗaya a mako ana zaga shingen ta waje da filaya da guntayen waya a aljihu, ana duba inda aka tona ƙasa, inda gashin akuya ya maƙale, inda ɗauri ya kwance. Wayar da tsatsa ta ci tana tsinkewa da baki mai kaushi, wadda filaya ta yanka bakinta sumul yake yana ƙyalli. In an ga yankan filaya, ko da ba a ɗauki komai ba, an zo gwaji ne: a gyara a ranar, a sanar da maƙwabta, a kwana a garka daren nan da na bayansa.